Shaihu Umar: Tsohon Littafin Da Ya Tayar Da Muhawara A Rumfunan Kasuwa

Littafi ne ɗan siriri wanda bai kai shafi ɗari ba, kuma ya haura shekara 90 da fitowa. Duk da haka, tun daga ranar da gidan rediyon al'umma na yankinmu ya shiga karanta shi kashi-kashi bayan sallar isha'i har aka kai ƙarshensa, zancen Shaihu Umar bai bar bakin mutane ba. A teburin mai shayi, a tashar mota, a layin masu hatsi, kai har a bakin shingen duwan inda direbobi ke jiran a duba masu takardu, za ka iske mutum biyu ko uku sun ja daga a kan yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa. Waɗansu sun bugo waya a cikin shirin, waɗansu sun aiko da saƙon murya, waɗansu kuma sun tako da ƙafarsu har gidan rediyon. Abin da suka faɗa ne muka tattaro wa mai karatu, tare da ɗan bayani a kan littafin saboda wanda bai samu saurara ba.

Wane ne ya rubuta shi?

Marubucin ba baƙo ba ne ga duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe takardar naira biyar, domin hotonsa ne a jikinta. Shi ne Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, firayim ministan Najeriya na farko, wanda aka haifa a 1912, sojoji kuma suka kashe shi a juyin mulkin watan Janairun 1966. Lokacin da ya rubuta littafin bai shiga siyasa ba, matashin malamin makaranta ne da bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba.

A shekarar 1933 ne wani Baturen Ingila mai suna Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga cikin littattafan da gasar ta haifar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Ruwan Bagaja ban dariya ne da yawon duniya, Ganɗoki yaƙi ne da jaruntaka. Shi kuwa Tafawa Ɓalewa sai ya ɗauko abin da mutanen zamaninsa suka gani da idonsu, wato harin bayi da raba uwa da ɗa. Ya kamata a tuna cewa sai a 1936, shekara biyu bayan fitowar littafin, aka kafa dokar da ta soke bauta kwata-kwata a Arewacin Najeriya. Ke nan lokacin da aka fara karanta shi, akwai dattawa da yawa a raye waɗanda irin wannan ƙaddara ta faɗa wa su kansu.

An fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, an mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Fim ɗin ya yi shekaru ba a jin ɗuriyarsa, kafin a gano shi, a gyara, a nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin ta ƙasar Jamus a 2018.

Labarin a taƙaice

Shaihu Umar babban malami ne a garin Rauta, kusa da Bauchi. Wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi ne ya buɗe masu cikinsa. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu tun yana ciki, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Fadawa 'yan uwansa suka yi masa hassada, suka ƙulla masa sharri a gaban sarki, aka kore shi daga gari, ya je ya zauna a Maƙarfi. Kafin uwar ta bi mijinta sai ta tafi ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana. A wannan ɗan tsakani ne wani mugu ya sace shi.

Ɓarawon bai ci ribar satarsa ba, kura ta gama da shi a daji. Amma wahalar yaron ba ta ƙare a nan ba. Daga wannan hannu zuwa wancan, mahara suka kai shi Kano, inda ya faɗa hannun wani Balarabe falke mai suna Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Ita kuwa uwar ba ta zauna ba. Ta fita nema, aka yaudare ta, ita ma ta faɗa bauta, aka ƙetara da ita Sahara. Bayan shekaru masu yawa wani mafarki ya tayar wa Umar da hankali a kan mahaifiyarsa, ya fita nemanta. Allah Ya sada su a can arewacin Sahara, amma ta riga ta ƙare saboda wahala da baƙin ciki, ba ta daɗe ba ta cika. A kan hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, shi Allah Ya yi masa gyaɗar dogo, ya kuɓuta, har ya zo ya zauna a Rauta.

Laifin wa?

Muhawara ta farko, wadda kuma ta fi kowace zafi, ta tashi ne tun a daren da aka karanta satar yaron. Wani dattijo mai sayar da goro ya bugo waya ya ce shi a ganinsa uwar ce ta yi sakaci, domin mace mai ɗa ɗaya tilo, maraya, ba ta da hujjar yin tafiya ta bar shi a baya, ko da kuwa tafiyar yini guda ce. Ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ai kuwa kamar ya taɓo gidan rina. Kwana uku a jere mata na mayar masa da martani. Wata Hajiya mai safarar atamfa da kayan ƙamshi ta ce a gaya wa Baba mai goro cewa ita ma duk ranar Lahadin da za ta ci kasuwar Jibiya, a hannun maƙwabciya take barin 'ya'yanta tun kafin kiran assalatu, kuma da wannan fita ake ci ake sha a gidanta. Ta tambaya, shin idan wani abu ya same su, ita za a ɗora wa laifi, ko azzalumin da ya aikata? Wata mai tuwo-tuwo a tasha ta ƙara da cewa maza sun iya ganin laifin uwa, amma babu wanda ya ambaci fadawan da suka raba gidan tun farko. In da ba a kori Makau da ƙarya ba, in ji ta, da babu abin da zai sa matarsa ta shiga shirin ƙaura, balle ta rabu da ɗanta.

Wannan magana ta mai tuwo ta juya akalar hirar. 'Yan kasuwa da yawa suka ce sun san irin fadawan nan sarai, domin kowace kasuwa tana da su: mutumin da zai ga Allah Ya buɗa wa abokin sana'arsa, sai ya kai sunansa wurin jami'an duwan ko wurin uban gidansa da ƙazafin da zai karya shi. Wani dillalin dabbobi ya ce mai ƙulla sharri yana ganin mutum ɗaya ya nufa, bai san mata da 'ya'yan da ke bayan mutumin ne za su sha ɗacin abin ba.

Abdulkarim: uba ne ko mai riƙe da kayan sata?

Wuri na biyu da kawuna suka rabu shi ne kan Balaraben da ya riƙe Umar. Malaman zaure da dattawa da dama sun yaba masa. Sun ce ya sami yaro ba uwa ba uba, bai sa shi aikin wahala ba, ya ba shi ilmin da ya ɗaukaka shi, kuma da yaron ya nemi tafiya neman mahaifiyarsa bai hana shi ba. A wurinsu, darasin littafin shi ne ƙaddara da haƙuri, da kuma yadda Allah ke fitar da alheri daga cikin abin da bawa ke ƙi.

Matasa ba su yarda da wannan fassara ɗungurungum ba. Wani mai gyaran salula ya kawo misalin da ya sa kowa ya yi shiru. Ya ce a kasuwa, idan aka kama ka da akuyar sata, ba a tambayarka ko ka ba ta dusa mai kyau, abin da ake tambaya shi ne daga hannun wa ka karɓa, kuma ka bincika ko ba ka bincika ba. To in haka ne a kan akuya, ina ga ɗan mutum? Ya ce yaron da ke jin Hausa, aka same shi a Kano, ai cigiyar danginsa ta fi sauƙi a kan tafiyar watanni da shi cikin rairayi.

Wani malamin makarantar boko da ya yi ritaya ya shiga tsakani. Ya ce Tafawa Ɓalewa bai fito ya zagi kowa a littafin ba, ya dai jera abin da ya faru, ya bar mai karatu da zuciyarsa. Amma duk wanda ya dubi yadda uwar ta ƙare, in ji shi, ya san marubucin bai ɗauki cinikin mutane a matsayin abin wasa ba. Kyautatawar Abdulkarim gaskiya ce, hawayen uwar ma gaskiya ne, kuma ɗaya bai goge ɗaya ba.

Hanyar da kakanninmu suka sani

Abin da ya ƙara jawo hankalin masu saurare a wannan gefe na iyaka shi ne hanyar da labarin ya bi. A ƙarni na 19, ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Tarabulus yakan biyo ta Damagaram, ya yada zango a Zinder, ya haura Agadas da duwatsun Azbin, ya bi ta Gat da Gadamas. Wata hanyar kuma takan tashi daga Barno ta bi ta Bilma zuwa Murzuk. Kayan da ake ɗauka sun haɗa da fatu, da gashin jimina, da hauren giwa, da baƙin tufafin rini na ƙasar Kano. A cikin ayarin kuma akwai mutane, maza da mata da yara, waɗanda su ma haja aka ɗauke su. Unguwar Zango ta Zinder, wadda har gobe take cike da 'yan kasuwa, masaukin irin waɗannan fatake ce. Faransawa sun kama Zinder a 1899, Ingilishi sun kama Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan kaya suka juya zuwa bakin teku, cinikin Sahara ya yi ta ja baya.

Wani tsohon direban babbar mota da ya yi shekaru yana bin hanyar Agadas zuwa Dirku ya ce da aka zo wurin guguwar rairayi kashe rediyon ya yi, sai washegari ya tambayi yaransa yadda aka ƙare. Ya ce wanda bai taɓa ganin sama ta yi ja ba, hanya ta ɓace a gabansa, ruwan jarka na ƙarewa, zai ɗauka marubucin ya yi ƙari ne.

Ƙarshen da ya ɓata wa mutane rai

Daren da aka karanta rasuwar uwar, wayar gidan rediyon ba ta huta ba. Mata da yawa sun ce an cuce su. Sun yi makonni suna bin baiwar Allah nan daga gari zuwa gari, suna jiran ranar da za ta dawo gida da ɗanta a yi shagali, sai ga shi ganin ido kawai ta samu. Wata matashiya mai karanta littattafan marubutan Kano na zamani ta ce da ɗaya daga cikinsu ce ta rubuta, da uwar ta warke, ta ga auren ɗanta, ta goya jikoki. Har akwai wanda ya roƙi mai karatun shirin da ya sake wa labarin ƙarshe.

Amsar da ta fi ratsa mutane ta fito ne daga wata dattijuwa da ba ta yarda a faɗi garinsu ba. Ta ce ƙanenta ya ɓace ranar kasuwa tun suna yara, mahaifiyarsu ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina waiwayawa ba duk lokacin da aka yi sallama a ƙofar gida. Ta ce masu cewa ƙarshen littafin ya yi ɗaci ba su san ɗaci ba. Uwar Umar ta ga ɗanta da ransa, ta ga ya zama mutum, ta san inda za ta bar shi. Tasu uwar ko kabarin da za ta yi wa addu'a ba ta samu ba. Bayan wannan kira babu wanda ya sake neman a canza ƙarshen.

Ba tatsuniya ba ce

Masu saurare da kansu ne suka ɗauko zancen daga zamanin da suka kawo shi yau. An tuna da yaran Kano tara da 'yan sanda suka sanar da ceto su a watan Oktoban 2019, bayan an sace su an kai su Anaca ta jihar Anambra an sayar, an sake masu sunaye. Wata kotu a Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104 a 2021. An kuma tuna da yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Kano a ƙarshen 2021 aka kashe ta, wadda bincike ya nuna mai makarantarsu ne ya aikata, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Masu magana sun ce wannan ya nuna ba kullum baƙo ne ɓarawon yaro ba, da ɗan gari akan ci gari.

A nan gida Nijar, mutanen Kance da Matamaye ba su manta da ƙarshen watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a cikin Sahara, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata, 7 maza. Wani ɗan kasuwa daga yankin ya ce a da da igiya ake jan yara zuwa Sahara, yanzu kuwa talauci da daɗin bakin masu safara ne ke jan su, har a karɓi yaro a hannun iyayensa da alkawarin za a riƙa aiko masu da abin da ya samu a bara.

Mutanen Ƙonni kuma sun tuna da shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a 1996 a kan sefa dubu 240. A watan Oktoban 2008 kotun ƙungiyar CEDEAO, wadda Nijar ke cikinta a lokacin, ta zauna a Yamai ta ce hukuma ta gaza kare ta, ta kuma ba da umarnin a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Doka dai tana nan. Tun 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30, a 2010 kuma ta kafa dokar yaƙi da safarar mutane. Ita ma Najeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003 domin wannan aiki. Sai dai doka ba ta tsare ƙofar kasuwa, mutanen kasuwa ne ke tsaronta.

Shawarwarin da suka fito daga rumfuna

A zaman ƙarshe da aka yi a kan littafin, masu kira sun bar gardama sun koma ga abin yi. Ranar babbar kasuwa, irin Litinin da Juma'a a Maraɗi, ko Alhamis a Maigatari, ko Lahadi a Illela, ita ce ranar da yaro ya fi saurin ɓacewa, domin baƙi sun cika gari kuma motoci na fita ta kowace kusurwa. Ga abin da aka fi nanatawa.

Da farko, da zarar yaro ya iya magana a koya masa cikakken sunansa, da sunan mahaifinsa, da unguwarsu, in ya ƙara wayo a haɗa masa da lambar waya ɗaya. Na biyu, iyaye su ajiye sabon hoton kowane yaro a salula, domin kwatance da baki ba ya isa. Na uku, idan yaro ya ɓace kada a tsaya jiran dare ko gobe. A raba ƙafa nan take: wani ya nufi wurin sarkin kasuwa da masallaci don a yi shela da lasifika, wani ya nufi tashoshin mota da matattarar 'yan kabu-kabu, wani ya kai rahoto ga 'yan sanda ko jandarma, wani ya kawo cigiya gidan rediyo. A garin iyaka kuwa lalle a sanar da 'yan uwa da abokan ciniki na ɗaya gefen, tun da hanyoyin daji sun fi shingaye yawa, kuma yaron da ya ɓace da hantsi yana iya kai azahar a wata ƙasa.

Direbobi ma sun ɗauki nasu nauyin. Wani shugaban tasha ya ce ba laifi ba ne a tambayi fasinjan da ke riƙe da yaro mai kuka ko mai barcin da bai yi kama da na lafiya ba, wane ne shi a wurin yaron, kuma ina za su. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Haka kuma duk wanda ya tsinci yaro ya kai shi gidan mai unguwa ko wurin hukuma a ranar, kada tausayi ya sa ya ajiye shi a gidansa. An kuma ja kunnen jama'a game da ɗaukar doka a hannu, domin an sha jin inda ihun ɓarawon yara ya jawo aka hallaka wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda ake zargi a damƙa shi ga hukuma da ransa, ta bakinsa ne ma za a iya gano sauran yaran.

Masu zuwa Kano da Katsina da Zariya sari sun ce tuni aka fara ba su sautun littafin, har da waɗanda suka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci. Dattijon nan mai goro ma ya sake bugowa, ya ce yana nan a kan ra'ayinsa, sai dai yanzu duk ranar kasuwa shi da kansa yake zaunar da jikokinsa a rumfarsa har iyayensu mata su dawo. Hajiya mai atamfa ta aiko masa da amsa cewa in haka ne gardama ta ƙare, Lahadi mai zuwa za ta kawo masa nata su ma.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya bayyana waɗanda suka ɓace, Ya sanyaya zukatan iyayensu, amin.